Me Ya Sa Ƙananan Yara Suke Cutar da Dabbobi?

Godiya ta tabbata ga Allah wanda ya halicci mutum da dabba, ya kuma ɗauki nauyin arzikin kowannensu. Tsira da aminci su tabbata ga shugabanmu Annabi Muhammadu, da alayensa da sahabbansa, da waɗanda suka bi su da kyautatawa har zuwa ranar sakamako.

Bayan haka, ya ƴan'uwa Musulmi maza da mata na Agye da Gazawa da Gidan Rumji da ƙauyukan da ke kewaye da su, darasinmu na yau a kan wani al'amari ne da muke gani kullum har idonmu ya saba da shi. Babu ɗayanmu da bai taɓa ganin yara sun ɗaure ƙadangare da zare suna jansa a ƙasa har ya mutu ba. Mun sha ganin sun rutsa kare a lungu suna jifansa, ko sun sauko da sheƙar kurciya sun watsar da ƴaƴanta, uwar tana kewaya su. Mun sha ganin yaron da aka aika rijiya da jaki yana zabga masa sanda a kan gyambon da ke bayansa. Mu kuwa manya muna zaune a gindin bedi muna kallo. Wani ya ce, "Yarinta ce, mu ma mun yi." Wani kuma ya tashi cikin fushi ya kama yaron ya yi masa dukan da ya fi wanda ya yi wa jakin. Duka biyun ba su tsaya sun tambayi kansu daga ina abin ya samo asali ba. Wannan tambayar ce muke so mu amsa, domin ba a maganin ciwon da ba a san tushensa ba.

Abin da ake kira zalunci da abin da ba shi ba

Mu fara da rarrabewa, don kada a fahimce mu a karkace. Mu manoma ne kuma makiyaya. Muna yanka kaza da rago, muna kamun fara mu ci mu sayar, muna tura yara gona su kori jan baki idan hatsi ya fara nuna, muna kashe kunama da maciji idan suka shigo gida. Shari'a ta halatta duk wannan. Abin da ta haramta shi ne azabtar da mai rai ba tare da wata bukata ba, ko kashe shi don wasa, ko ƙara masa wahala fiye da abin da bukata ta tilasta. Ko wajen yankan da aka halatta, Muslim ya ruwaito daga Shaddadu ɗan Ausu cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi umurni da a wasa wuƙa a kuma hutar da abin yanka. A cikin Suratul An'am, aya ta 38, Allah ya sanar da mu cewa dabbobi da tsuntsaye al'ummomi ne kamar yadda muke al'umma. Buhari da Muslim kuma sun ruwaito labarin matar da ta shiga wuta saboda kyanwar da ta tsare har yunwa ta kashe ta, da labarin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Al'amarin da zai iya kai mutum wuta ko ya kai shi aljanna ba ƙarami ba ne.

Yaron da bai balaga ba ba a rubuta masa zunubi. Amma ɗauke masa alƙalami bai ɗauke mana nauyin tarbiyyarsa ba. Malaman fiƙihu ma sun ce idan yaro ya halaka dukiyar wani, kamar ya kashe akuyar maƙwabci, biya yana nan. Idan muka duba da kyau za mu ga wannan hali yana da saiwa uku, kowace da nata magani.

Saiwa ta farko: rashin sani

Hausawa suna cewa yaro bai san wuta ba sai ya taka. Haka kuma bai san zafin da wani yake ji ba sai an sanar da shi. Allah ya dasa irin tausayi a zuciyar kowane jariri. Duk uwa ta san cewa idan jariri ya ji kukan wani jariri, shi ma sai ya fashe da kuka. A cikin shekararsa ta biyu, yaro yakan ga uwarsa cikin damuwa ya zo ya dafa ta ko ya miƙa mata abin da ke hannunsa. Sai dai wannan iri ne kawai, bai riga ya zama itace ba.

Masana halayyar yara sun tabbatar da cewa sai wajen shekara 4 zuwa 5 yaro yake fara gane cewa abin da ke cikin ran wani daban yake da abin da ke cikin nasa ran. Sun kuma gano cewa yawancin yara sai tsakanin shekara 5 da 7 suke fahimtar cewa mutuwa ba barci ba ce, wanda ya mutu ba ya tashi. Bayan haka, sashen gaban ƙwaƙwalwa, wanda yake taimaka wa mutum ya kame hannunsa idan zuciya ta ingiza shi, shi ne yake jinkirin nuna, ba ya kammala sai mutum ya haura shekara 20. Saboda haka ɗan shekara biyu da ya matse ɗan tsako har ya mutu ba mugu ba ne. Bai san ƙarfin hannunsa ba, bai san tsakon yana jin ciwo ba, kuma yana jiran ya tashi su ci gaba da wasa. Ɗan shekara huɗu da ya fizge fikafikan fara sau da yawa so yake ya ga abin da zai faru, kamar yadda yake fasa ƙoƙo don ya ji ƙararsa.

Wannan ya yi daidai da abin da malamanmu suka daɗe da faɗa game da shekarun tamyizi, wato lokacin da yaro yake fara rarrabe mai kyau da marar kyau, wanda yawanci yakan kama wajen shekara 7, shekarar da aka umurce mu mu fara sa yara salla. Shekarun da suka gabaci wannan su ne na shuka. Maganin wannan saiwa sanarwa ce da sa ido. Ba a barin ɗan yaye shi kaɗai da ƴan tsaki ko ɗan akuya sabuwar haihuwa. Idan ya matse, a buɗe hannunsa a hankali, a kama hannun a shafa bayan dabbar da shi, a ce masa, "Ka ga yana kuka, zafi yake ji kamar ranar da ƙaya ta soke ka." Da irin wannan magana ake haɗa masa ciwon da ya sani da ciwon da bai sani ba.

Saiwa ta biyu: koyi

Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Yaro ya fi koyo da ido bisa kunne. A shekarar 1961 wani masani mai suna Albert Bandura ya yi gwaji a Jami'ar Stanford ta ƙasar Amurka. An sa wasu ƙananan yara sun kalli babban mutum yana dukan wani mutum-mutumin roba, wasu kuma ba su ga haka ba. Da aka bar su da mutum-mutumin, waɗanda suka ga dukan sun fi dukansa, har suna kwaikwayon irin dukan da irin maganganun da suka ji. Babu wanda ya ce musu su yi. Gani kawai suka yi.

To, mu tambayi kanmu abin da ƴaƴanmu suke gani. Suna ganin an lafta wa amalanke kayan da ya fi ƙarfin jaki, idan ya durƙusa a tashe shi da sanda. Suna ganin an rataye kaji ta ƙafa a bayan babur, kai a ƙasa, cikin zafin rana, daga ƙauye har kasuwa. Suna ganin an yanka dabba a gaban ƴar'uwarta, ko ana wasa wuƙa tana kallo. Suna ganin an shuri kare ba tare da ya yi komai ba, an kuma yi dariya. Yaron da ke dukan jaki a hanyar rijiya, a mafi yawan lokuta da irin sandar ubansa yake dukansa, da irin zagin da ya ji a bakin yayyensa. Alhali kuwa Muslim ya ruwaito daga Jabiru hani a kan dukan dabba a fuska da yi mata lalas a fuska. Abu Dawuda kuma ya ruwaito cewa Annabi ya shiga gonar wani mutumin Madina ya tarar da raƙumi yana zubar da hawaye, ya lallashe shi, sa'annan ya nemi mai shi ya tsoratar da shi Allah saboda barinsa da yunwa da yawan aiki. Jakin nan da muke rainawa shi ne mai kawo mana ruwa, shi ne mai kai taki gona. A shekarar 2016 sai da gwamnatin Nijar ta hana fitar da jakuna waje, ganin yadda masu neman fatarsu suke kwashe su. Abin da ƙasa ta tashi tsaye don kada ya ƙare, bai kamata mu bar shi yana lalacewa a hannun yaranmu ba.

Akwai hujja a cikin garuruwanmu da ke nuna cewa yaro yana bin abin da jama'a suka tsayu a kai. Ku dubi shamuwa. Idan damina ta ƙarato takan zo ta yi sheƙa a kan itatuwan tsakiyar gari, a inda kowa yake ganinta. Yaron da ke yawo da danƙo yana harbin kurciya, a garuruwa da yawa ba ya kuskura ya ɗaga hannu ga shamuwa. Me ya hana shi? Ya taso ne ya tarar kowa yana murna da zuwanta, kuma duk babban da ya gan shi zai tsawata masa. Ke nan yaro yana iya kame hannunsa idan gari ya haɗa baki. Abin da muka yi wa shamuwa saboda al'ada, mun fi cancanta mu yi wa sauran halittu saboda Allah.

A ƙarƙashin koyi akwai kuma zugar abokai. Yaro shi kaɗai sau da yawa ba zai jefi kare ba, amma idan suna goma kowa yana so a ce shi ne jarumi. Wannan wasa yana da haɗari ga su kansu yaran. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa ciwon haukan kare yana kashe mutane kimanin 59,000 a kowace shekara, galibinsu a Afirka da Asiya, kuma kusan kashi 40 cikin 100 yara ne ƴan ƙasa da shekara 15. Karen da aka rutsa ba shi da makami sai haƙori. Idan ƙaddara ta sa kare ya ciji yaro, a wanke wurin da ruwa da sabulu na tsawon minti 15, a garzaya da shi gidan likita a ranar, kada a jira sai alamu sun bayyana, domin idan suka bayyana da wuya a tsira.

Saiwa ta uku: ciwon da ke cikin yaron

Wannan ita ce ta fi zurfi, ita ce kuma muka fi kawar da kai daga gare ta. Akwai yaron da ya san sarai dabba tana jin zafi, kuma zafin nan yake nema. Muna da karin magana cewa an bar jaki ana dukan taiki. Yaron da ake duka a gida ba ya iya rama wa wanda ya dake shi, sai ya nemi wanda ya fi shi rauni ya huce a kansa. Haka wanda yake kwana yana jin ana dukan uwarsa. Haka marayan da ake nuna wa bambanci wajen rabon tuwo. Haka yaron da aka raba da uwarsa tun bai yi wayo ba, aka kai shi inda babu mai jan sa a jiki, yana kwana da yunwa. Har ɗan yayen da aka ɗauke daga ƙirjin uwarsa rana ɗaya, ya dawo ya tarar da ƙane a wurinsa, yakan huce kishinsa a kan ɗan akuya.

Masu bincike sun ga wannan alaƙa. Tun shekarar 1987 ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka ta sa cutar da dabbobi cikin alamomin gurɓacewar ɗabi'a a wurin yara. A shekarar 1998 wani masani mai suna Frank Ascione ya wallafa bincike a kan mata 38 da suka gudu daga dukan mazajensu a jihar Yuta ta Amurka. Cikin waɗanda suke da dabba a gida, kashi 71 cikin 100 sun ce mijin ya taɓa yi wa dabbar barazana, ko ya ji mata ciwo, ko ya kashe ta. Cikin masu ƴaƴa kuma, kusan ɗaya bisa uku sun ce wani ɗansu ya cutar da dabba ko ya kashe ta. Wani binciken da aka wallafa a shekarar 2014, wanda ya bi yara sama da 2,000 a Birtaniya tun suna shekara 5 har suka kai 12, ya nuna cewa yaran da ke cutar da dabbobi sun fi sauran yara yiwuwar kasancewa ana gallaza musu, kuma yiwuwar tana ƙaruwa idan yaron ya girma bai daina ba. Amma binciken nan ya nuna fiye da rabin irin waɗannan yara ba a gallaza musu ba. Don haka kada wani ya ga ɗan maƙwabcinsa ya jefi kyanwa ya yanke wa gidansu hukunci, kada kuma a ce wa yaro zai zama ɗan ta'adda. Alama ce da ke kiran a bincika, ba shaida ba ce da ake hukunci da ita.

Addininmu ya riga ya haɗa waɗannan abubuwa biyu, tausayin da aka nuna wa yaro da tausayin da zai nuna. Buhari da Muslim sun ruwaito cewa Aƙra'u ɗan Habisu ya ga Annabi yana sumbatar jikansa Hasan, sai ya ce shi yana da ƴaƴa goma bai taɓa sumbatar ko ɗaya ba. Annabi ya sanar da shi cewa rahamar da mutum yake samu tana rataye da rahamar da yake yi. Mu Hausawa muna da kunya, musamman kunyar ɗan fari, kuma kunya ado ce. Amma kada ta kai ga yaro ya tashi bai taɓa jin tattausar magana daga mahaifinsa ba. Tulun da ba a zuba wa ruwa ba, ba a shan ruwa daga gare shi.

Yaushe ya kamata hankalinmu ya tashi? Idan yaro ya wuce shekara 7 yana ci gaba bayan an yi masa bayani. Idan yana yi a ɓoye, shi kaɗai, da shiri. Idan kukan dabbar yana sa shi dariya, kuma ba ya nuna nadama. Idan abin ya haɗu da cin zalin ƙannensa, ko wasa da wuta, ko wani canjin hali na farat ɗaya. A nan sai a zauna da shi cikin natsuwa a tambaye shi wa yake dukansa, me yake tsoro. A tuntuɓi malaminsa na allo da na lakwal. Idan abin ya fi ƙarfin gida, a nemi shawarar ma'aikatan lafiya da masu kula da kare haƙƙin yara.

Yadda magabata suka yi

Buhari ya ruwaito cewa Abdullahi ɗan Umar, Allah ya yarda da su, ya shiga wurin Yahaya ɗan Sa'idu, ya tarar da wani yaro na gidan ya ɗaure kaza yana harbinta. Sai ya tafi ya kwance kazar, ya taho da ita tare da yaron, ya ce wa manyan gidan su hana yaronsu, domin ya ji Annabi ya hana a tsare dabba a mayar da ita abin bara. Ku lura da tsarin aikinsa. Bai wuce ya ce yarinta ce ba. Ya fara da ceton dabbar. Ruwayar ba ta ce ya doki yaron ba. Ya kai maganar ga waɗanda nauyin tarbiyyar yake wuyansu, ya kuma faɗi dalili. Wanda ya doki yaro don ya doki jaki, darasi ɗaya ya koya masa: mai ƙarfi shi ke dukan marar ƙarfi. Gobe idan babu mai kallo, jakin ne zai biya.

Haka nan Abu Dawuda ya ruwaito cewa a wata tafiya wasu sahabbai sun ɗauki ƴaƴan wata tsuntsuwa biyu, uwar ta zo tana kaɗa fikafikai. Da Annabi ya gani sai ya tambayi wanda ya tayar mata da hankali, ya sa aka mayar mata da su. A nan akwai darasin gyara ɓarna. Yaron da ya sauko da sheƙa a sa shi ya mayar. Wanda ya ji wa jaki ciwo a sa shi ya wanke gyambon, ya ba shi ruwa da dusa har ya warke. Anas ɗan Maliku kuma ya ba da labarin ƙanensa Abu Umairu, yaro ƙarami da yake da ɗan tsuntsun da yake wasa da shi. Da tsuntsun ya mutu yaron ya yi baƙin ciki, Annabi bai raina damuwarsa ba, ya riƙa tambayarsa labarin tsuntsun cikin raha. Daga nan malamai suka fahimci cewa ya halatta yaro ya riƙe tsuntsu muddin ba a azabtar da shi. Mu kuwa Allah ya hore mana jar akuyar Maraɗi da tumaki da kaji da zabi a kusan kowane gida. A ware wa yaro ɗan akuya ɗaya a ce nasa ne, shi zai ba shi ruwa, shi zai kawo masa harawa, babba yana duba shi. Wanda ya yi renon mai rai da hannunsa, da wuya ya ji daɗin azabtar da wani.

Rabon wannan wata

Ya ƴan'uwa, azumi makaranta ce ta sanin yunwa da ƙishirwa. Mu muna jure su da niyya, muna jiran lada, mun kuma san lokacin shan ruwa. Akuyar da aka ɗaure a turke cikin rana ba ta ɗauki niyya ba, ba ta kuma san ko za a tuna da ita ba. A wannan wata ne gajiya take sa mu bar wa yara ɗawainiyar bisashe, a cikinsa ne kuma yunwa take gajarta mana haƙuri har mu huce a kan yaro, shi kuma ya huce a kan dabba. Mu yanke wannan igiya daga wurinmu. Kafin mu zauna buɗa baki, mu kama hannun ɗanmu mu je tare mu duba ko akwai ruwa a gaban jaki da awaki. Mu sa shi ya ajiye kasko da ruwa a gindin itace saboda tsuntsaye, mu gaya masa sadaka ce. Liman ya ambaci wannan a masallaci, malamin allo ya ambata wa almajiransa, uwa ta ambata a tsakar gida, har ya zama duk babban da ya ga ana azabtar da dabba zai tsaya ya hana, ko ɗan wane ne. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Yaron da ya koyi sassauta hannunsa a kan ɗan tsako, shi ne gobe zai sassauta shi a kan matarsa da ƴaƴansa, da mu kanmu idan tsufa ya mayar da mu masu rauni a hannunsa.

Allah ya sanya tausayi a zukatanmu da zukatan ƴaƴanmu. Allah ya yafe mana haƙƙin bayinsa marasa baki da muka tauye da saninmu ko da rashin sani. Allah ya karɓi azuminmu da tsayuwarmu, ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.